Iskar Rana Da Wayar Hannu: Yadda Maganaɗisun Rana Ke Tsinkewa Ya Sake Ƙulluwa, Da Abin Da Hakan Ke Yi Wa GPS

Duk wanda ke cikin gurup na WhatsApp a Sakkwato ya taɓa cin karo da saƙon nan. Yakan shigo ne bayan Isha'i, lokacin da matasa suka cika bencinan masu shayi da shagunan cajin waya na Ƙofar Atiku. Saƙon yana cewa wai a daren yau wasu haskoki masu haɗari za su wuce kusa da duniya daga ƙarfe 12:30 zuwa 3:30, don haka kowa ya kashe wayarsa, kada ya kwana da ita kusa da jikinsa. A ƙarshe sai a jingina maganar ga NASA ko BBC, a ce a tura wa 'yan uwa.

Saƙon ƙarya ne, kuma ya fi shekara goma yana yawo a ƙasashe daban-daban. Amma abin da ya sa mutane ke yarda da shi shi ne suna jin labarin "guguwar rana" a kafafen labarai na gaskiya. Ita guguwar rana da gaske akwai ta, ta taɓa kashe wutar jiha guda, ta taɓa kakkaɓo taurarin ɗan'adam. Wannan darasi zai yi bayanin inda take samo ƙarfinta, da abin da take iya taɓawa a Sakkwato, da yadda mai waya zai duba da kansa ba sai ya jira saƙon gurup ba.

Mene ne iskar rana?

Fuskar rana tana da zafin kusan digiri 5,500 a ma'aunin Salshiyas. Amma iskar da ke kewaye da ita, wadda ake kira korona, ta wuce digiri miliyan ɗaya. A irin wannan zafi ƙwayar zarra ba ta iya zama a dunƙule, sai ta rabu zuwa furoton da ilektaron, kowanne ɗauke da cajin lantarki. Irin wannan iska mai caji ita ake kira filasma.

Rana ba ta iya riƙe wannan filasma duka, don haka take ta kwarara zuwa kowane ɓangare dare da rana. Ita ce iskar rana. Wani masani ɗan Amurka mai suna Eugene Parker ne ya yi hasashenta da lissafi a 1958, sannan kumbon Mariner 2 ya tabbatar da ita a 1962.

Gudunta yakan kama daga kilomita 300 zuwa 800 a daƙiƙa ɗaya. Idan aka ɗauki 400, to kamar a tashi daga Sakkwato ne a isa Kano a miƙe kafin a ƙifta ido sau biyu. Tsakanin rana da duniya kilomita miliyan 150 ne. Haske yana cin wannan tafiya a minti 8 da daƙiƙa 20, ita kuwa iskar sai ta yi kwana huɗu da 'yan awanni. Sai dai ba ta da kauri ko kaɗan. A kusa da duniya, a wurin da bai wuce girman ƙwayar sukari ba, ƙwayoyin da za a samu ba su fi kamar biyar ba.

Iskar tana tafe da maganaɗisu

Kowa ya san mayen ƙarfen da ke bayan sifika. Idan aka ɗora takarda a kansa aka barbaɗa garin ƙarfe, garin zai jeru a kan layuka masu fita daga kai ɗaya su koma ɗayan. Waɗannan su ne layukan maganaɗisu, kuma kowane layi yana da inda ya fuskanta.

Rana babban maganaɗisu ce. Filasma kuma tana ɗaukar lantarki sosai, shi ya sa layukan maganaɗisu ke manne mata kamar zare a jikin tufa: inda ta nufa, nan take jan su. Masanin ƙasar Suwidin Hannes Alfvén, wanda ya ci kyautar Nobel a 1970, shi ya fito da wannan ƙa'ida. Ma'anarta ita ce filasma biyu masu maganaɗisu daban ba sa gaurayuwa da sauƙi. Idan suka haɗu, sai su tokare juna, wani siririn bango na lantarki ya shiga tsakaninsu.

A wannan siririn bango ne ƙa'idar ke karyewa.

Tsinkewa da sake ƙulluwa

Wannan shi ne abin da masana ke kira rikonekshan, wato sake ƙulluwar layukan maganaɗisu. Ga yadda yake faruwa mataki-mataki:

1. Layuka biyu suna matsowa kusa da juna, ɗaya ya fuskanci arewa, ɗayan ya fuskanci kudu.
2. Matsi yana ƙaruwa, bangon da ke tsakaninsu yana ƙara sirancewa.
3. Idan ya sirance sosai, ƙwayoyin filasma sai su saki layukan a wani ɗan ƙaramin wuri. Furoton ne ke fara saki, sannan ilektaron.
4. A nan layukan biyu ke tsinkewa, kowane rabi ya ƙullu da rabin ɗayan. Wurin yakan yi kama da harafin X.
5. Sababbin layukan suna fitowa a lanƙwashe sosai. Da suka miƙe, sai su harba filasma gefe biyu da gudu, ta kuma ƙara zafi.

Mataki na biyar kamar danƙon harbin tsuntsu ne. Ƙarfin yana ajiye a cikin robar da aka ja, sakin ne ke mayar da shi gudun dutse. Haka rikonekshan ke mayar da ƙarfin da ke ajiye a maganaɗisu ya zama gudu da zafi.

Wani masani a Ostareliya, Ronald Giovanelli, shi ya fara kawo tunanin a 1946 yana neman dalilin fashewar haske a fuskar rana. Amma ganin ainihin wurin tsinkewar ya ɗauki shekaru kusan saba'in, domin faɗinsa 'yan kilomitoci ne kawai kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya. A watan Maris na 2015 NASA ta harba kumbuna huɗu masu suna MMS, masu tafiya tare da tazarar kamar kilomita goma a tsakaninsu, suna auna ilektaron duk bayan milisakan 30. A ranar 16 ga Oktoban 2015 suka ratsa ta cikin wurin tsinkewar a bakin garkuwar duniya. Abin sha'awa, da GPS suke gane inda suke. A 2016 sun shiga kundin Guinness saboda kama siginar GPS daga nisan sama da kilomita 70,000.

Ƙananan siffofi a cikin iskar

Da farko an ɗauka rikonekshan a rana yake faruwa da kuma bakin duniya kawai. A 2005 Jack Gosling da abokan aikinsa suka nuna, da bayanan kumbon ACE, cewa yana faruwa a tsakiyar iskar kanta tana cikin tafiya. A 2006 wani binciken da ya haɗa bayanan kumbunan ACE da Wind da Cluster ya gano layin tsinkewa guda mai tsawon kusan kilomita miliyan biyu da rabi.

Saboda haka iskar rana ba sumul take ba. Cike take da gutsattsarin siffofi. Ga manya uku daga cikinsu:

*Siraran bango.* Su ne iyakoki tsakanin filasma biyu. Kumbo yakan ratsa su cikin daƙiƙoƙi, sai a ga alƙiblar maganaɗisu ta juya farat ɗaya. A nan rikonekshan ke samun wurin zama.

*Igiyoyin maganaɗisu.* Idan bango ɗaya ya tsinke a wurare biyu, abin da ke tsakani sai ya naɗe, layukansa su murɗe kamar igiyar da aka tufka. Ƙananan sukan wuce kumbo cikin mintuna zuwa 'yan awanni. Kalmar "ƙanana" kada ta ruɗi mai karatu. Igiyar da ta ɗauki awa ɗaya tana wucewa da gudun kilomita 400 a daƙiƙa, faɗinta kilomita miliyan 1.44 ke nan, kusan ninki huɗu na tazarar duniya da wata. Ana ce mata ƙarama ne idan aka kwatanta ta da babbar igiya, wadda ke fitowa idan rana ta yi aman filasma, ita kuwa takan yi kusan kwana guda tana wucewa. Wasu ƙananan daga korona suke fitowa, wasu a hanya ake tufka su. Shi rikonekshan ɗin da ke tufka su, shi ne kuma ke ɓare musu layukan waje idan suka gogi maƙwabtansu. Tufka da warwara ke nan a hannu ɗaya.

*Kwana-kwana.* Kumbon Parker Solar Probe, wanda aka harba ranar 12 ga Agustan 2018, ya tarar da layuka masu lanƙwashewa baya su sake dawowa gaba kamar harafin S, cikin daƙiƙoƙi ko mintuna, tare da ƙarin gudun filasma. A watan Maris na 2022 kumbon Solar Orbiter ya ɗauki hoton irin wannan lanƙwasa a cikin korona. Masana da yawa suna danganta su da rikonekshan tsakanin buɗaɗɗun layuka da rufaffu a kusa da rana, wasu kuma suna ganin hargitsin iskar ne ke haifar da su a hanya. A ranar 24 ga Disamban 2024 kumbon Parker ya kusanci rana har kilomita miliyan 6.1, kusancin da babu wani abu na ɗan'adam da ya taɓa yi.

Me ya sa ake damuwa da waɗannan gutsattsari? Saboda kowace igiya da kowace kwana tana juya alƙiblar maganaɗisun iskar. Ita kuwa alƙiblar nan ita ce makulli.

Ƙofar da ke jikin garkuwar duniya

Duniya ma maganaɗisu ce, kuma maganaɗisunta ya yi mata garkuwa. A ɓangaren da ke kallon rana, garkuwar takan tsaya a nisan kamar ninki goma na rabin faɗin duniya, wato wajen kilomita 65,000 daga tsakiyarta. A can layukan duniya arewa suka fuskanta.

Idan maganaɗisun iskar ya zo shi ma yana fuskantar arewa, mafi yawan iskar sai ta zagaye ta wuce. Idan ya zo yana fuskantar kudu, to an samu layuka biyu masu saɓani, sai rikonekshan ya kama. Layukan duniya su ƙullu da na rana, ƙarfin iskar ya samu hanyar shiga. Iskar tana jan waɗannan layuka zuwa bayan duniya, ɓangaren dare, inda suke taruwa su sake tsinkewa su harbo ƙwayoyi masu caji zuwa gida. James Dungey ɗan Birtaniya ne ya bayyana wannan zagaye a 1961.

Wanda ya saba da kwamfuta zai gane abin da sauƙi. Iskar rana kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar saba ce ba dare ba rana. Yawan ƙwanƙwasawa ba ya buɗe ƙofa, sai kalmar sirri ta dace. Kalmar sirrin a nan ita ce "kudu". Masana suna rubuta wannan ɓangare na maganaɗisun da Bz. Idan lambar tana da alamar ɗebewa a gabanta, kudu ke nan. Ƙaramar igiya takan riƙe ƙofar na ɗan lokaci, ta tayar da ɗan motsi. Babbar igiya mai ƙarfi da ta riƙe kudu na awanni ita ke kawo guguwa.

Abin da ya taɓa faruwa

A farkon Satumban 1859 guguwar da ake kira ta Carrington ta rikita layukan tangaraho a Turai da Amurka. A ranar 13 ga Maris 1989 wutar jihar Kibek ta Kanada ta ɗauke cikin kamar daƙiƙa 90, mutum miliyan shida suka yi awa tara babu wuta. A nahiyar Afirka, guguwar Oktoban 2003 ta lalata wasu manyan taransifomomi a Afirka ta Kudu. A watan Fabrairun 2022 kamfanin SpaceX ya harba taurarin Starlink 49, wata matsakaiciyar guguwa ta kumbura iskar sama ta ƙara musu tirjiya, 38 suka faɗo suka ƙone.

Ta baya-bayan nan mafi girma ita ce ta 10 da 11 ga Mayun 2024, mafi ƙarfi tun 2003. Bz ta kai wajen nanotesla 50 zuwa kudu, alhali a ranar lafiya duk ƙarfin maganaɗisun iskar bai fi kamar 5 ba. An ga hasken arora har a Meziko. A Amurka taraktocin da ke shuka da GPS suka riƙa kauce wa layi, manoma da dama suka dakata a tsakiyar lokacin shuka.

A duk waɗannan lokuta, abin da ya shafu shi ne dogayen wayoyin lantarki, da taurarin ɗan'adam, da siginar da ke ratsa sama. Wayoyin da ke aljihun mutane sun kwana lafiya.

To a Sakkwato fa?

*GPS.* Wannan shi ne ya fi kusa da mu. Taurarin GPS suna nisan kilomita 20,200, kuma waya tana gane inda take ne ta lissafin lokacin da sigina ta ɗauka kafin ta iso. Kuskuren nanosakan ɗaya daidai yake da santimita 30, na nanosakan 100 kuwa mita 30. A hanya siginar tana ratsa ayonosfiya, wato ɓangaren sama mai caji da ke farawa daga kamar kilomita 60, kuma wannan ɓangare yana jinkirta ta. Guguwa tana sauya yawan cajin da ke wurin, sai jinkirin ya sauya.

Najeriya tana da nata ƙarin. Ikwaitar maganaɗisu, wadda daban take da ikwaitar taswira, ta ratsa Afirka ta Yamma a wajajen digiri 10 arewa, Sakkwato kuma tana digiri 13. A wannan ɗamara, bayan faɗuwar rana, wasu manyan kumfa masu ƙarancin caji sukan taso cikin ayonosfiya su sa sigina rawa, musamman a watannin Maris da Afrilu, da Satumba da Oktoba. Wannan yana faruwa ko babu guguwa. Guguwar tana iya ƙara shi, tana kuma iya danne shi, ya danganta da lokacin da ta iso. Ɗan kabu-kabu da aka turo wa lokeshan zai iya ganin ɗigon ya zame 'yan mitoci. Wanda abin ya fi shafa shi ne mai awon filaye da mai tuƙa jirgi maras matuƙi, waɗanda ke neman daidaito na santimita. Cibiyar binciken iskar sama ta hukumar NASRDA da ke Anyigba a jihar Kogi tana cikin masu sa ido a kan wannan.

*Rediyo a gajeren zango.* Siginar gajeren zango ayonosfiya ce ke dawo da ita ƙasa. Babbar fashewar haske a rana tana iya shanye ta na mintuna zuwa awa guda ko fiye, a ɓangaren duniyar da ke da rana kawai. Tashoshin FM ba ta can suke bi ba.

*Kira da data.* Waya tana magana ne da ƙarfen sabis da ke 'yan kilomitoci kusa, shi kuma yana haɗe da faiba ko wani ƙarfen. Lokacin da intanet ya yi rauni a Afirka ta Yamma ranar 14 ga Maris 2024, wayoyin ƙarƙashin teku ne suka yanke. Starlink, wanda ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, shi ne ke ratsa sama, don haka zai iya yin rauni a babbar guguwa.

*Manhajar alƙibla.* Daga Sakkwato alƙibla tana wajen digiri 71 daga arewa. Maganaɗisun duniya a nan ya haura nanotesla 30,000, babbar guguwa kuwa 'yan ɗaruruwa take sauyawa a irin wannan yanki. Ko da duk sauyin gefe ya karkata, bai kai digiri ɗaya ba. Idan kibiya ta kauce sosai, a duba rigar waya mai maganaɗisu, ko ƙofar ƙarfe, ko janareta.

*Sola da zafin gari.* Iskar rana ba ta isowa ƙasa. Ba ta ƙona faifan sola, ba ta ƙara masa caji, kuma ba ita ke kawo zafin bazara ba.

Yadda ake dubawa da waya

1. A buɗe shafin swpc.noaa.gov. A duba lambar Kp, wadda ke tafiya daga 0 zuwa 9. Guguwa tana farawa daga 5, wato G1, har zuwa 9, wato G5.
2. A duba zanen iskar rana a nemi Bz. Ana aunawa ne daga kumbunan da ke nisan kilomita miliyan 1.5 wajen rana. A raba wannan nisa da gudun iskar: a 400 zai ba da kusan awa ɗaya, a 800 rabin awa. Wannan shi ne gargaɗin da duniya ke samu. Idan Bz ta wuce 10 zuwa kudu ta daɗe, to a sa ido. Agogon shafin na UTC ne, sai a ƙara awa ɗaya a samu na Najeriya.
3. A sauke manhajar GPSTest a Android, a fita fili. Za ta nuna taurarin da waya ke kamawa da ƙarfin siginarsu. Idan aka ga L5 ko E5a tare da L1, to wayar tana kama zango biyu, kuma tana iya cire mafi yawan jinkirin ayonosfiya da kanta. Xiaomi Mi 8 ta 2018 ce ta fara zuwa da wannan. A gwada a wuri ɗaya da safe da kuma bayan Isha'i na kwanaki da dama, nesa da rufin kwano da dogon bango, domin su ma suna rikita sigina.
4. A sauke phyphox a buɗe ma'aunin maganaɗisu. A fili zai nuna tsakanin maikirotesla 30 da 40. A kusanto da sifika a ga yadda lambar ke tsalle. Sifikar shagon caji ta fi guguwar Mayun 2024 girgiza wannan lamba nesa ba kusa ba.
5. Masu koyon rubuta manhaja za su samu bayanan kyauta a tsarin JSON a services.swpc.noaa.gov. Ɗan ƙaramin shiri da zai karanta Bz ya tura sanarwa da Hausa aikin kwana biyu ne, kuma masu awon filaye za su amfana da shi.

Kammalawa

Rana tana da zagaye na kusan shekara 11. Na yanzu, na 25, ya fara a Disamban 2019, kuma a Oktoban 2024 NASA da NOAA suka sanar cewa ya kai ganiyarsa. Manyan guguwowi sukan zo har a shekarun da ke bin ganiya, don haka labaran za su ci gaba da fitowa, saƙonnin ƙarya ma haka.

Hanyar tantancewa gajeruwa ce. Gargaɗin gaskiya yana zuwa da lamba, Kp ko G, kuma yana magana ne da masu wutar lantarki, da masu taurarin ɗan'adam, da matuƙa jirgin sama, da masu aikin GPS. Ba ya cewa a kashe waya. Idan saƙon ƙarfe 12:30 ya sake shigowa gurup, buɗe shafin da duba lambar ba za su ci minti ɗaya ba. Hoton lambar shi ya kamata a mayar wa wanda ya turo.